Motar da Bahago Ya Sassaƙa

Shekarun baya, bayan hannuna na dama ya mutu, na yi shekara biyu ban ɗauki guduma ba.

Ni mai bugun jikin mota ne. In mota ta yi karo ta lotsa, ni nake fitar da ita. Sana'ata ke nan a Jega tun tasowata, ban yi boko ba, ban iya komai ba sai ita. Wata rana muna dawowa daga Maiyama motar da muke ciki ta faɗi. Mu bakwai ne, uku muka tashi. Masu ɗori na Aliero sun yi iya yinsu, ƙashi ya kama, amma yatsun suka ƙage. Hannun yana iya danne abu, ba ya iya riƙewa. Na gwada aiki da hagu sau biyu. Na farko na huda ƙofar motar wani mutum, na biyu na fasa wa wani gilashi. Daga nan ko murfin tukunya ba wanda ya sake kawo mini.

Yayan matata yana da rumbunan albasa a Aliero. Ya ce in an cire albasa in zo in yi masa gadi. Taimako ya nufa, mutumin kirki ne. Amma na san ranar da na zauna a benci da sanda a hannu, na bar sana'a ke nan har kabari.

Ana cikin haka wani tsohon malami na unguwar Jega Magaji, wanda na yi karatun allo a wurinsa, ya aiko in zo. Ya kai ni wani ɗaki a bayan makarantarsa, ya ce in yaye tabarmin da ke jibge a tsakiya. Na yaye.

Mota ce 'yar Ingila, kujera biyu, ba rufi. Hancinta dogo, ya kusa rabin jikinta. Fitilu biyu a tsaye a waje kamar idon kwaɗo, ƙafafu masu wayoyi kamar na keke. Ƙura ta rufe ta, ɓeraye sun cinye kujerun, amma ana ganin koriya ce a da. Na taɓa murfin tayar gaba. Ya taso daga ƙasa, ya hau, ya sauko a hankali har bakin ƙofa, ba gaɓa ko ɗaya. Na yi shekaru ina bugun ƙarfe, ban taɓa ganin an lanƙwasa shi haka ba.

Malam ya ce, "Wani likita Bature ya bar wa mahaihina ita da za shi gida. Ɗakin nika so, ɗalibai sun yi yawa. Masu gwangwan sun zo sau ukku, sun ce su yanka ta su auna."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ka san hannuna."

"Na sani. Ita ma ba lahiya gare ta ba. Kai ta gida. In an cire albasa ba ta tashi ba, sai in kira su."

Da shanun huɗa biyu muka ja ta. Ina zaune a ciki, tayoyi a ruɓe, garin duk ya fito kallo. Wani mai shayi ya ɗaga murya, "Direba, a rage gudu, akwai mutane!" Sai da na fasa gefen katanga kafin ta shiga gida. Matata ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "To, kaji sun samu ɗaki."

Da na fara cire fatar ƙarfen, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Cikinta itace ne. Ƙasanta ƙarfe, injin ƙarfe, amma haƙarƙarin da ke riƙe da jikin duk katako aka sassaƙa aka ɗora fatar a kai. Gara ta gama da shi. In ka taɓa sai ya zube kamar garin gero. Na zagi Turawa son raina. Na ce ashe su ma suna ha'inci, su saka icce su rufe da fenti. Na kwashe guntayen na ba matata ta hura wutar tuwo da su.

Na sayo ƙarfe irin na ƙofa, na auna, na yi walda da hagu. Mako uku ina yi. Aikin bai yi kyau ba, amma ya tsaya. Na mayar da fatar, na kira maƙwabta mu tura ta waje. Akwai ɗan rami a ƙofar gidana. Tayar gaba tana faɗawa sai muka ji ƙara kamar an yaga sabon yadi. Fatar ta tsage daga bakin ƙofa har baya. Ƙofofin biyu suka buɗe, suka ƙi rufuwa. Ba wanda ya yi dariya, wannan ya fi yi mini ciwo.

Muka mayar da ita ciki. Na ce wa matata ta aika wa yayanta, na karɓi gadin.

Ba ta aika masa ba. Kawunta ta aika wa, wani masassaƙi a Maiyama mai yin turmi da ƙota. Ranar kasuwa ya iso da gizago a kafaɗa, ɗan tsoho ƙarami, bakinsa ja da goro. Ya zagaya aikina sau ɗaya.

"Mai ƙarhe, kai ka yi wanga?"

"Ni ne, Kawu."

"Gado mai kyau. Saura katifa."

Ya tambayi iccen da aka cire. Na ce an ƙone. Matata ta fito da buhu daga bayan ɗaki, ta ce, "Ban ƙone ba. Iccen da anka yi wa wanga aiki bai kamaci murhu ba."

Kawu ya shimfiɗa tabarma, ya zazzage. Ya yi ta jera guntayen, wannan kusa da wancan, har siffar mota ta fito a ƙasa. Ya ce ƙarfen ƙasan motar yana murɗawa in ta shiga rami, icce yana bin sa ya dawo. Nawa ƙarfen ya ƙi bi, shi ya sa fatar ta yage. Wato ba ha'inci ba ne. Ni ne jaki.

Sai ya ɗauki wani guntu mai lanƙwasa wanda gara ta rage, ya goge da bakin rigarsa, ya bi shi da babban yatsa. Ya ɗauki wani. Ya daina taunar goro.

"Wanda ya sassaƙa wanga bahago na."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, kada a yi mini jaje da ƙarya."

"Ni zan yi ma ƙarya a kan icce? Zo nan."

Ya nuna mini. Duk inda wuƙa ta bi, daga gefe ɗaya ta shiga, ta fita ta ɗaya gefen. Ya ɗauki wani icce ya fere da damansa, sawun ya kwanta wata fuska. Ya mayar da wuƙar hagu ya fere, sawun ya kwanta daidai da na Baturen. Zarton ma haka ya karkata. Akwai 'yar alama ta fensir a kowace gaɓa, ita ma a kishingiɗe ta bahago. Kawu ya ci gaba da karantawa kamar wasiƙa. "Nan wuƙa ta dakushe ya tsaya ya wasa. Nan anka kira shi cin abinci, ya dawo da ƙarhi nai. Dubi nan kuma." Ya juya guntun. Bayan da ke manne da ƙarfe, inda ba idon da zai taɓa gani, an goge shi sumul kamar gaban.

Na karɓa da hagu. Wani mutum a bayan teku, tun ba a haife ni ba, ya tsaya da hannun da nake jin kunyarsa ya yi wannan. Ga shi wani tsoho daga Maiyama, wanda bai taɓa ganin sa ba, ya gane har lokacin da ya ji yunwa.

Kawu ya ce in buga ƙarfe ya gani. Na ɗauki guduma na buga sau uku. Ya ce, "Tsaya. Hannu ka sake, ba ka sake ƙahwa ba. Kana bugu da hagu, kana tsayuwar mai dama. Wa ka ga ya yi noma haka?" Ya tura ƙafata ta dama gaba, ya ja ta hagu baya. Ya sa na juya teburin aikin, na mayar da maƙera ɗaya gefen. Na sake bugawa. Gudumar ta sauka inda idona yake.

Shekara biyu na zauna a kan wannan ɗan kuskuren.

Daga nan aiki ya tafi. Na yanke gadon da na ƙera na jefar. Kawu ya riƙa zuwa duk ranar kasuwa da busasshen icce daga cikin wanda ya ajiye don ƙota. Marke ya sa inda ake son lanƙwasa, kuma ba ya tilasta wa icce, sai ya nemo reshen da ya girma da irin gwiwar da yake so. Maɗaci ya sa a ginshiƙan ƙofa, ya ce gara ba ta son ɗaci. Ni kuma na ɗinke fatar da ta yage, ina danne ƙarfe da mataccen hannun ina bugu da mai rai. Abokina bakanike ya kama injin. Ya ƙona wayoyi sau ɗaya kafin ya gane har batirinta a juye ake ɗaurawa. Robar ruwa ta injin ban-ruwa muka sa, tayoyi na babban babur. Wani baduku ya rufe kujerun da jar fata. Kajin matata dai ba su samu ɗaki ba.

An fara cirar albasa saura ƙofa ɗaya. Na gama ta da safe. Na tura ta da yatsa, ta rufe da kanta, ƙyas. Abokina ya zuba mai, ya murza. Ta yi tari, ta yi tari, sannan ta kama. Muryarta mai kauri ce, ba irin ta motocin yanzu ba, kana jin ta a ƙirji. Matata ta rufe baki da mayafi.

Abokina ya ce in shiga in ja. Na ce ya san ban tuƙa mota ba tun haɗarin, hannun dama ba ya iya sa giya. Ya ce in dai zauna. Na zauna. Wata huɗu ina ganin sitiyarin nan a gefen dama, ban kawo komai a raina ba. Na ɗora mataccen hannun a kan sitiyari, na sauke hagu, sai ga giya a ƙarƙashin tafina. Haka ake yin motocin Ingila. Na sa ta ɗaya. Ta tsallake ramin ƙofar gida, na ji jikin ya murɗa ya dawo, ba abin da ya yage.

Na ɗauko Malam. Ya naɗe rawaninsa da kyau, ya riƙe da hannu biyu, muka kama hanyar Aliero. Iska tana dukan fuska, gonaki suna wucewa, masu cirar albasa suna miƙewa tsaye. Malam ba abin da yake faɗa sai "Subhanallahi." Can ya ce, "Taka ta kaɗan mana, mahaihina ya fi ka zuciya."

Yayan matata yana bakin rumbunansa. Ya zagaya motar, ya shafa inda na ɗinke, ya sake shafawa yana neman tabo.

"Wa ya buga wanga?"

"Ni."

"Da wane hannu?"

Na ɗaga masa. Ya dubi hannun. Sannan ya ce, "Gadi kam na samu wani. Amma a-kori-kurata ta daki bishiya, gobe a kawo ma ita?"

Na ce a kawo.

Har yau ina aiki. Malam ya rasu, Kawu ma, Allah ya jiƙansu. Motar tana wurin iyalan Malam, sukan kawo mini ita in duba. Ba ni da dogon zance a kan abin da na koya. Na zagi mutum kafin in fahimci aikinsa, na kuma yanke wa kaina hukunci kafin in gyara tsayuwata. Amma wanda ya fi zama mini a rai shi ne bahagon nan. Ban san sunansa ba, ban san ko a garinsu an yi masa gori a kan hannun ba. Ya goge bayan icce ya rufe da ƙarfe, ya tafi abinsa, bai san wa zai buɗe ba.

Ni ma yanzu in na gama aiki ina goge cikin ƙarfen kamar wajensa. Masu mota suna cewa ina ɓata lokaci. Ni dai ina ci gaba da gogewa.