Alhaji Mamuda Mai Awo da Hoton Bayansa

Alhaji Mamuda mai awo mutumin Mabai ne, amma a Ƙanƙara ya yi gemu. Yana saurayi ya shigo gari yana dakon buhunan masara daga mota zuwa rumfa. Da ya ɗan samu sai ya kafa tasa rumfar a layin 'yan hatsi, ya sayi tiya, ya daina amsa gaisuwar 'yan dako. Mun daɗe muna maƙwabtaka da shi a kasuwa, ban taɓa ganin gardamar da ya yarda an kayar da shi ba. Irin mutanen nan ne da in sun tsinci kalma ɗaya a rediyo sai sun tauna ta har kaka.

Ciwon ƙugu ya kama shi wata damina. Ya sunkuya zai ja buhu, sai aka ji ya kurma ihu kamar an taka wa akuya wuya. Ciwon ya sauka ta cinyarsa ta hagu har tafin ƙafa. Babban ɗansa Nasir ya kai shi wani babban asibiti a birni, aka tura shi cikin na'urar nan mai kama da rami, wadda ke ɗaukar hoton ƙashi da jijiya. Hoton ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ya ɓullo ya danne jijiya. Aka yi masa allura a gadon baya, daidai wurin. Cikin ikon Allah ya miƙe, ya dawo yana takawa ba sanda.

Da wani ne, sai ya gode wa Allah ya koma kan tiyarsa. Shi kuwa Mamuda sai ya dawo mana likita. Ambulan ɗin hoton nan, wanda ya kai faɗin faifai, ya zama kamar sandar girma a hannunsa. Ɗaurin aure da shi, zaman makoki da shi. Ka zo sayen gero, sai ya zaro baƙar takardar ya ɗaga ta saitin rana.

"Ka ga nan? Nan ne abin ya fashe. Likita da kansa ya ce bai taɓa ganin mai tsananin nawa ba."

Nasir ya faɗa mini babu likitan da ya ce haka. Kuma sau da yawa a kife yake riƙe hoton.

To, a gidan nan nasa akwai wadda ta riga shi sanin ciwon ƙugu da shekaru. Matarsa Suwaibatu man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli, rayuwarta duk a duƙe take, daga bakin murhu sai bakin turmi. Ta kai in ta yi ruku'u sai ta dafa bango kafin ta ɗago. Ba ta iya ƙorafi ba, shi kuma bai iya tambaya ba. Ƙanenta Yahuza, direba ne a Faskari, shi ya zo wata rana ya tarar tana rarrafe daga tsakar gida zuwa ɗaki. Bai tsaya shawara ba, ya ce gobe sai asibiti. Mamuda ya ce zai bi su, ba don tausayi ba, don dai a cewarsa shi ya san kan wurin.

Aka ɗauki hoton Suwaibatu. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta duba ta ce babu wani babban abu, ɗan zaizayewa ne irin na shekaru.

Mamuda ya yi dariya har da buga ƙafa. "Kin ji ko? Ni dama na sani. Lalaci ne da son jiki. Hoto ba ya ƙarya."

"Baba, ba haka na ce ba," in ji likitar. "Hoto ƙashi yake nunawa da jijiya, ba ya nuna zafi. Akwai wanda za ka ga hotonsa ka ce ba zai iya tashi ba, alhali yana gona yana huɗa. Akwai mai hoto lafiya lau da ba ya iya barci. Amfaninsa mu tabbatar babu mugun abu, mu kuma san inda za mu sa allura in za a yi. Ko allurar ma, hoto ba ya faɗa mana tabbas wa za ta yi wa aiki."

"Ni ai ta yi mani, don nawa ciwon na gaske ne."

"Na Mama ma na gaske ne. Na taɓa wurin, na ga yadda ta zabura."

Mamuda ya miƙe ya kaɗe babbar riga, ya ce ba za a tsira wa matarsa allura a kan ciwon da babu shi ba. Suwaibatu ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. A mota ne ta ce, a hankali, "Alhaji, da zan iya ciro shi in aza maka a tafin hannu, da na yi."

Ya ce, "Na'urar Turawa ma ta nema ta rasa."

Bai bar maganar a gida ba. Ya kawo ta kasuwa, ya riƙa haɗa hotunan biyu yana nuna wa mutane, nashi da na matar aurensa, wai a ga bambancin mai ciwo da mai raki. Dattijo da furfura, yana tallan ƙashin bayan iyalinsa a gaban masu sayen dawa. Wasu su yi dariyar yaƙe, wasu su tashi su ba shi wuri.

Labarin ya kai Faskari. Yahuza ya zo har rumfa, ya yi sallama, ya miƙa hannu.

"Alhaji, ba ni hoton Yaya."

"Kai wa ya aike ka?"

"Ba wanda ya aike ni. Jikinta ne, ba hajar kasuwa ba. Ba ni."

Mamuda ya duba hagu da dama, bai ga mai goya masa baya ba, ya miƙa. A makon nan Yahuza ya mayar da yayarsa asibiti. Aka yi mata allurar, aka koya mata wasu 'yan motsa jiki, aka ce ta daina aiki a duƙe. Ba ta warke sarai ba, amma ta samu sauƙin da ta koma yin salla a tsaye. Yahuza ya sa aka gina mata murhu mai tudu, ya kawo mata kujera mai majingina.

Shi kuwa gwanin hoto, bayan kaka ciwonsa ya dawo, har ya fi na da. Aka koma, aka sake allura, ba ta yi komai ba. Aka sake ɗaukar hoto. Nasir ya ce likitan ya jera tsohon da sabon, ya nuna musu cewa abin da ya ɓullo ɗin nan ya ja baya sosai, jijiyar ma ta samu sarari.

"Baba, a hoto kam bayanka ya fi na bara kyau," in ji likitan.

"Kyau? Ina mutuwa kana ce mani kyau?"

"Ban ce ba ka jin ciwo ba. Na yarda kana ji."

Wai a nan Mamuda ya daɗe yana kallon ƙasa. Nasir ya ɗauka abin ya shige shi, ya zaci in sun koma gida zai nemi gafarar tsohuwa. Ina! Kafin su kai bakin ƙofar asibiti ya gano bakin zaren: na'urar ce ta lalace. Wadda ta ɗauki na Suwaibatu lafiyarta ƙalau, tasa ce kawai ta samu matsala.

Da suka iso gida yana nishi, Suwaibatu ce ta dafa ruwan zafi ta gasa masa ƙugu da tsumma. Ba ta tuna masa komai ba. Shi ma bai ga abin tunawa ba, sai ma faɗa da ya yi wai ruwan ya cika zafi.

Ba a jima ba 'yarsu Hamida ta haihu a Sabuwa, Suwaibatu ta tafi taya ta zaman jego. An yi suna, an yi arba'in, jariri har ya fara zama, ba ta dawo ba. In Mamuda ya aika, sai ta ce a gaida Alhaji, tana nan tafe. Na ji an ce ƙuli-ƙulinta ya karɓu a can.

Yanzu Nasir ke awo. Mamuda yana gefe kan tabarma, ya tokare ƙugu da buhun dusa, bayansa duk shaidar ƙahon wanzami. Ya bar zancen asibiti, ya ce likitoci ba su san komai ba. Sabon bincikensa shi ne sammu aka yi masa, kuma ya san mai shi: Gide, mai rumfar da ke kallon tasa, bawan Allah da ke ɗauko shi a babur kullum tun da ciwon ya dawo. Gide ya ji, sai ya daina biyawa ta ƙofar gidansa. Jiya a kan amalanken masu kawo dawa aka kawo Alhaji kasuwa.