Bakatsinen da Ba Ya Jin Hausa

A lakwal, wato makarantar da yake koyarwa a unguwar Dar es Salam ta Yamai, kowa ya san Malam Isma'ila da iya Faransanci. Amma da zarar an yabe shi sai ya yi dariya ya ce a bar tone-tone, don ya san irin wautar da ya tafka kafin ya samu.

Daga Katsina ya zo Yamai karatu, mahaifinsa ya ba shi shekara guda: ko ya ci jarrabawar Faransanci, ko ya dawo ya tsare shagon atamfa. Sati biyu da zuwansa ya ga inda gizo ke saƙa. Mai taksi Hausa, mai burodi Hausa, kai har Zabarmawan kasuwa, da ya fara lalubo kalma sai su ce, "Ɗan Najeriya, faɗi da Hausa mu huta."

Sai gogan naka ya yi dabara irin ta mai wayon tsiya. Ya koma unguwar Yantala inda ba a san shi ba, ya kama ɗaki, ya ce shi mutumin Gana ne, ko "zo" bai sani ba da Hausa.

Dabarar ta ci, amma ya sha wuya. A fada, wurin da samarin unguwa ke shan shayi, a gabansa ake cin namansa. Wannan ya ce wandonsa ya ɗangale, wancan ya ce Faransancinsa ko akuya ba za ta saurara ba. Shi kuwa yana murmushi yana cewa "merci". Bakatsine guda, a zage shi da harshen uwarsa ya yi godiya!

Masu gidan tsofaffi ne, Baba Ousmane da matarsa Inna Aïchatou. Zabarmanci suke yi da Hausar kasuwa, ba su taɓa shiga lakwal ba. Kullum da azahar Inna ta kawo masa dambu da zogale har ƙofa, ta tsaya tana kallonsa, ya ɗaga mata hannu, ta ɗaga masa. Sau da yawa ya ji tana ce wa mijinta, "Yaron nan ba shi da kowa." Abin ya dame shi, sai ya lallashi kansa da cewa jarrabawa saura kaɗan, in ya ci zai zauna ya ba ta labari su yi dariya.

Saura kwana tara, Inna ta kwanta zazzaɓi. Kwana biyu Allah ya karɓi abarsa.

Da aka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Isma'ila ya durƙusa gaban tsohon, ya nemi Faransancin wata bakwai ya rasa ko kalma ɗaya. Bakinsa ne ya buɗe da kansa.

"Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba mu haƙurin rashinta."

Samarin fada suka dubi juna, mai maganar akuya ya sunkuyar da kai. Tsohon ya dube shi.

"Amin," ya ce. "Ashe kana ji Hausa, ɗana?"

"Ina ji, Baba. Ni Bahaushe ne."

Tsohon ya girgiza kai, ba da fushi ba. "Tun azumi take zuwa wurin malamar asibiti ta maƙwabta, wai a koya mata Faransi. Tana so ta tambaye ka ko uwarka tana da rai."

Isma'ila ya ce, "Tana nan, Baba."