Wayar Malam Bitrus ta shiga azumi

Sai da na hango Malam Bitrus yana ba awakinsa dusa na sauke ajiyar zuciya. Tare muke koyarwa a Safana, tun da aka yi hutu wayarsa a kashe. Mu 'yan Batsari kun san abin da zuciya ke rayawa.

Na ce, "Haba Malam! Na ɗauka 'yan bindiga sun kwashe ka."

Ya ce, "Yi haƙuri. Azuminmu ne na kwana arba'in kafin Ista. Kowa kan bar abin da ke shagaltar da shi daga Allah. Ni waya ce."

Na ce, "Allah ya karɓa, amma baɗi ka sanar da mu tukuna."

Na dawo ina hararar tawa wayar, da ko a masallaci sai na leƙa ta. Ku fa, me za ku iya ajiyewa?