Layin Farko na Furojet Ɗina

Jama'a, yau kwamfutar laburare ta tona min asiri a gaban ajinmu kaf!

Malam Garba mai kula da laburare yana koya mana neman takardun bincike. Ya rubuta gurɓatar ruwa, sakamako ya fito dubbai. Ya ƙara kalmar haɗi ta Turanci AND da Kaduna, suka ragu. Sai ya ce, "In kun sa jimla cikin alamar zance, ita kaɗai za ta fito. Rifkatu, kawo furojet ɗinki mu gwada."

Wayyo! Babi na ɗayan nan Yaya Bulus ne ya ba ni a unguwar Kamazou, ya rantse shi ya rubuta. Ga ni a layin gaba, ƙofa tana can baya, Dokta Ladi mai duba aikina tana zaune gefena.

Malam Garba ya kwafi layin farko, ya danna. Takarda ɗaya tak ta fito a allo!

Dokta Ladi ta gyara gilashi ta ce, "Rifkatu, tashi ki karanta mana sunan marubuciyar."

Sunan Dokta Ladi ne fa!

Yaya Bulus, na san kana karantawa. Ɗaga wayata!