Kaka da Majigin Bebaye

Har yau idan na ji ƙaramin janareta yana tari kafin ya kama, sai in gan ni tsugune a rumfar Baffa a unguwar Kilomita Biyar, ƙafafuna jajir da laka, da soyayyar gyaɗa a tafin hannuna. Bari in ɗan ja ka baya, mai karatu, zuwa shekarun da rikici ya kulle unguwarmu a Bangui, Musulmi ba ya iya fita ya tabbata zai dawo.

Lokacin ina 'yar firamare, ko da yake makarantar ma ta tsaya. Baba ya tafi Kamaru saro kaya kafin abin ya yi tsanani, sai hanya ta rufe a bayansa, ya maƙale a garin kan iyaka. Mangwaro ya nuna ya ƙare, damina ta zo tana dukan kwanon ɗakinmu, Baba bai dawo ba.

Kaka ce ta haifi Baba, kuma shi ne ɗan farinta. In ka san tsofaffin Hausawa ka san abin da hakan ke nufi. Kunyarsa take yi. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi hira, “mai shago” take ce masa ko a bayan idonsa. Idan ya bugo waya duk mu yi layi mu gaisa, ana miƙa mata sai ta kau da kai ta ce, “Ku ce masa lafiya lau.”

Da zaman lafiya ake yi da wannan bai dami kowa ba. Amma Baba yana can yana jin labarai marasa daɗi, wani kuma ya ce masa tsohuwa ba ta da lafiya. Ya ɗauka ɓoye masa muke yi. Ya rantse wa Baffa cewa in bai gan ta da idonsa ba, zai hau motar kaya ya shigo, komai ya faru ya faru. A wannan hanyar kuwa ana tare motoci ana sauke mutane, kuma ba duka ke komawa ba. Baffa ya ɗaga waya zai ɗauke ta bidiyo, ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce ita ba 'yar wasan kwaikwayo ba ce.

Baffa shi ne autanta, shi kam ko a gaban sarki za ta kira sunansa ta haɗa da zagi. Yana da rumfar kallo a ƙofar gida, talabijin ɗaya da benci da tabarmi. Da kaya suka daina zuwa, finafinan faɗa da na Indiya duk muka haddace su, har mukan riga jarumi faɗin maganarsa. Wata rana bayan la'asar, ana yayyafi, ya zazzage kwali ya tarar da wani faifai a ƙasa wanda bai taɓa sawa ba.

Ashe ba fim ba ne irin wanda muka sani. Shiri ne na tarihi a kan baƙaƙen fatar Amurka da suka fara shirya majigi da kansu tun zamanin da abin yake sabo. Turanci ake yi, Baffa yana karanta Faransancin da ke gudu a ƙasa yana juya mana da Hausa da Sango, yaren gari. Ya ce a lokacin Turawa kan shafa baƙi a fuska su fito suna yi musu ba'a, sai waɗannan suka yi zuciya, suka nemi na'urarsu, suka ɗauki mutanensu a matsayin likitoci da malamai da masoya, suna yawo da faifan gari gari suna nunawa.

Sai aka sako guntun tsohon majigin, fari da baƙi, yana rawa. Wani mai malafa yana ta motsa baki, ba ka jin komai. Muka kaure da ihu, “Baffa, murya ta mutu!” Ya tashi ya bubbuga talabijin, ya hura wayoyin bayanta, ya zagi janareta. Can ya karanta rubutun ya dawo ya zauna a kunyace, ya ce ai haka majigi ya fara, hoto ne kawai babu sauti.

“Majigin bebaye ke nan,” in ji wata murya daga ƙofa. Kaka ce, ta zo karɓar tabarmarta da Baffa ya sace. Maimakon ta karɓa sai ta zauna a kai. Mai malafa ya buɗe baki, Kaka ta ara masa murya, “Ke, ina tuwon rogon da na bari a kwano?” Matar da ke cikin majigin ta dafe ƙirji, Kaka ta ce, “Wallahi kyanwa ce!” Dariyar da muka yi ranar har maƙwabta suka leƙo, don an daɗe ba a ji irinta a layinmu ba.

Kusa da ƙarshe aka nuna wata tsohuwa mai furfura ana haska mata wani guntu da aka tsinto. Mahaifinta ne a ciki, yana saurayi, yana tafiya yana murmushi. Ta miƙa hannu tana shafa allon. Kaka ta tambayi Baffa ko da gaske abin ba ya ɗaukar maganar mutum. Ya ce haka ne.

“To wannan na wayarka fa?”

Baffa ya ɗan saci kallona. “Shi ma bebe ne, Iya.”

Washegari da hantsi ta fito da atamfarta ta Sallah, ta rambaɗa kwalli, ta ce a ɗauka. Ta yi tafiya daga rijiya zuwa madafa don a ga ƙafafunta lafiya. Ta ɗaga taɓarya sama. Ta dafe ƙirji ta zaro ido irin na matar majigi, muna ta ƙyalƙyala dariya. Daga nan ta zauna a kujera 'yar tsugune, ta dubi wayar sosai, ta kira sunan Baba. Sunansa na yanka, a fili.

“Kada ka zo, ka ji ko? Ka zauna inda kake. Kewarka ta ishe ni, amma na fi son ka da rai. Tun ranar da na haife ka ban taɓa kwanciya ban yi maka addu'a ba.”

Ludayi ya suɓuce daga hannun Mama. Baffa bai sauke wayar ba. Ni kuwa tsakanin dariya da kuka na rasa wanda zan fara.

Da saƙon ya isa, Baba ya bugo yana ta shessheƙa. Bai hau motar ba. Ya jira har aka fara rako motoci da sojoji, sannan ya dawo, ya rame amma lafiyarsa ƙalau. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ta kalli bango ta ce, “Ku ba mai shago ruwa.” Duk gidan muka haɗa baki, ba wanda ya gaya mata cewa ya ji.

Yanzu rumfar Baffa ta zama shagon cajin waya, kowane yaro da majiginsa a aljihu, kuma ba a cika samun uwar da ke kunyar ɗan fari ba. Ni kaina nawa tun safe har dare nake kwaɗa masa kira. Da na haife shi Kaka ta tsufa tukuf, amma ta sa aka kawo ta. Ta ji na ambaci sunansa, ta riƙe haɓa ta ce yaran zamani ba mu da ta ido. Na kasa haƙuri na ce, “Kaka, ke ma fa an taɓa jin ki. Wayar nan ta Baffa ba bebiya ba ce.”

Ta yi dariya har sai da ta share hawaye da gefen mayafi.

“Ke 'yar nan, wayar da ake magana da mutumin Kamaru da ita, ita ce ba ta jin magana? Ai na sani sarai. Hanya nake nema, Allah Ya kawo mini bebayen nan.”