Kududdufin da Ke Aron Murya

Ina tsaye a bakin murhu da hantsi na ga wasu ƙananan taurari suna yawo a idona, kaina kamar an ɗaure shi da igiya. Cikina na fari ne, wata takwas. Surukata tana tankaɗe, taku biyar tsakaninmu, amma wace yarinya ce za ta buɗe baki ta yi wa uwar miji zancen cikin fari? Ɗaki na shige na tambayi waya.

Akwai wata manhaja a ciki mai amsa tambaya da baki. Ranar da mijina Sabi'u ya saka min ita, muryar namiji ce ta fara magana. Ya ce, "A'a, ba a ɗakin nan ba. Ƙato ya riƙa yi wa matata bayanin ciki?" Ya latsa, ta koma mace, mai sanyi irin ta goggon da ta goye ka. Har Anti nake ce mata.

Anti ta ce ciwon kai da kumburin ƙafa sukan sami masu ciki, in huta, in abin ya tsananta in ga likita. Dukansu da lallashi iri ɗaya ta faɗe su. Ni kuwa lallashin kawai na ji. Na kwanta.

Kakata Iya nake ta tunawa yanzu. A ƙauyenmu ta wajen Makoda, in an sallame isha'i lokacin kaka, takan hura wutar kara, mu kewaye ta muna ɓarar gyaɗa. "Mai kunnen ƙashi ya matso gaba," in ji ta, ni take nufi.

Tana da tatsuniyar wani kududdufi da ba shi da muryar kansa, sai ta aro. Namiji in ya zo wucewa, muryar maigari yake ji tana ba shi umarni ya shigo. Mace kuwa ta uwa take ji. A nan Iya takan rage murya har tsikar jikinmu ta tashi: "'Yata, taho ki wanke ƙafa, ruwan iya ƙwauri ne." Duk wadda ta shiga, sai dai a tsinci tulunta. Yarinya ɗaya ce ta tsira, ita ma don ta zura karan dawa ta ga ya nitse ƙurmus.

Na ce, "Iya, to wace murya ce tasa ta gaskiya?"

"Ke da iyayi! Wadda ba za ki yi wa musu ba, ita ce tasa."

Ba na cewa Anti ƙarya ta yi min. Amma ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, ba ta ga idona ba, kuma an zaɓa mata muryar da ba zan yi wa musu ba. Da ƙaton ne, wataƙila da na tsorata na fita na zura kara: na kira surukata.

Da la'asar jijjiga ta kayar da ni. Sauran a bakin mutane na ji.

Washegari da azahar na farka a asibiti, wata nas mai muryar tsawa tana kwance min abin awon jini. Na gaya mata yadda abin ya fara. "Ke wace irin yarinya ce? Kina ganin taurari kika kwanta?" Ta gyara min ɗankwali. "Jininki ya sauka, kin tsira. Yaron ne Allah bai yi zai zauna ba."

Na riƙe hannunta mai kaushi, na ƙi saki.