Kiran da Manong Celso Bai Ɗauka Ba

Manong Celso Villaruel ya haura shekara ashirin yana wanki a jiragen ruwan yawon shaƙatawa, amma in ka tambaye shi yadda teku take sai ya ce shi bai santa ba, tawul ya sani. Kuma gaskiyarsa ce. Ɗakin wankinmu a can ƙasan jirgi yake, ƙarƙashin ruwa, ko taga ɗaya babu. Ni ce abokiyar aikinsa a injin guga, shi yana miƙo zanen gado ta can, ni ina kama bakinsa ta nan. Tsibirinmu ɗaya, Panay, shi mutumin bakin teku ne a Capiz, ni kuma 'yar cikin tudu. Tun ranar da na shigo ya ɗauke ni ƙanwa, yana kirana Inday, ni kuma ina ce masa Manong, wato yaya, yana yi mini faɗa in na rage shinkafa a faranti. Yanzu yana zaune wajen 'yarsa a Iloilo, ya bar aikin ruwa.

Gajere ne mai sanƙo, sabulu ya cinye masa fatar hannu, ƙarar injuna kuma ta cinye masa rabin ji. Ga maƙo na bugawa a jarida. Mutumin da zai ɗinke safa har sai zaren ya fi safar yawa. Abu ɗaya ne ba ya maƙo da shi, busasshen kifin da matarsa Manang Nenita, wadda yake kira Nita, ke ƙulla masa duk tafiya. Yakan soya shi a ɓoye a kicin ɗin ma'aikata, warin ya bi bututun iska har ɗakin manya, a zo ana cigiyar mai laifi shi kuwa yana share baki.

Maƙon nan nasa a kan waya yana da asali. Shekarar da ya fara riƙe wayar hannu bai san cewa in jirgi ya yi nisa da gaɓa waya takan saki layin ƙasa ta kama na jirgin ba, wanda ke bi ta sama can, kuma ko kai ka kira ko kai aka kira, kanka kuɗin ke hawa. Nenita ta kira shi suna tsakiyar teku, ya ɗauka da murnarsa, suka baje hira. Ta ba shi labarin wanda ya yi aure da wanda ya mutu da kazar da ta ɓata. Da kuɗin wayar suka fito ƙarshen wata, sai da ta sayar da aladen da take kiwo don bikin waliyyin garinsu. A shekarar nan gidan Villaruel ne kaɗai ba a gasa komai ba, kuma a Capiz wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne. Mu a jirgi har yau muna kiran wayar tasa wadda ta ci alade.

Daga nan Nenita ta kafa doka. Kullum in ta rufe rumfar kifinta da yamma za ta yi masa filashin, ta bari ta yi ƙara biyu ta katse. Ma'anarsa lafiya lau, an wuni. Shi kuma ba zai ɗauka ba, ko mene ne. Hira sai jirgi ya tsaya a tasha, ya sayi kati mai arha, ta yi ta zuba shi yana "to, to". Yammarta ita ce tsakar ranarmu in muna zagayen tekun Italiya da Girka, don haka kullum kan teburin abinci kiran ke samunsa. Yakan ajiye wayar kusa da kwanon ruwan tsami. Ta yi ƙara biyu, ya ɗaga cokali sama, ya ci gaba da cin abincinsa.

Rodel, mai injin busarwa, wanda Manong ke kira Toto, wato ƙane, ba ya barinsa ya huta.

"Manong, wannan wace irin soyayya ce? Ni budurwata sai ta cika mini waya da hotuna."

"Wacce daga ciki?"

"Ka ji ka. Ni dai na ce aure shekara talatin, ƙara biyu kawai?"

"To, taka da ke cika maka waya, ina albashinka na watan jiya? Ci abincinka, Toto."

Ni kam abin yana burge ni, ba zan ɓoye ba. Nawa mijin ko filashin ɗin ba ya yi sai in yana son a turo masa wani abu.

Ranar da abin ya faru muna kan doguwar tafiya tsakanin tasha biyu, babu ƙasa a kusa. Talabijin ɗin ɗakin cin abinci ta nuna guguwa ta doso ƙasarmu, amma wace shekara ce ba ta dosowa? An ma ce arewa za ta bi. Muna zaune, wayar ta yi ƙara ɗaya, ta yi biyu, Manong ya ɗaga cokali. Sai ta yi ta uku.

Cokalin ya tsaya a sama. Ta yi ta huɗu.

"Manang ta zauna a kan wayar," in ji Rodel.

Na ce, "Manong, ɗauka mana."

"Mantuwa ta yi. In na ɗauka, ni za ta yanka ranar biki."

Ya faɗi haka ne yana murmushi, amma ya ɗora hannu a kan wayar, ina kallon yadda take rawa a ƙarƙashin tafinsa. Bai ɗauka ba, bai kuma janye hannun ba, har ta gaji ta yi shiru. Muka jira ko za ta sake kira. Ba ta sake ba. Ya ƙarasa shinkafarsa tas kamar kullum, muka koma ƙasa.

Wajen la'asar ya saki zane a tsakiyar injin, abin da bai taɓa yi ba, ya shiga bayan kwandunan tawul ya kira ta, a tsakiyar teku, ba ruwansa da tsada. Layin bai shiga ba. Ya kira maƙwabta, ya kira ƙanin Nenita, duk shiru. Garin gaba ɗaya ya fita daga layi.

Sai da muka isa tasha ya samu 'yarsa. Da yamma guguwar ta juyo kudu, teku ta hau gari. Nenita ta raka wata tsohuwar maƙwabciya makarantar da mutane suka fake, sannan ta ce za ta koma gida ta dawo yanzu. Babu wanda ya san abin da ta koma ɗaukowa. An samu gawarta bayan ruwa ya janye, a cikin gonar shinkafar wani, nesa da gidan. Wayarta ba a gan ta ba.

Ya tafi gida, an yi addu'ar kwana tara, an yi ta arba'in. Muka ɗauka shi ke nan, ya bar ruwa. Sai ga shi ya dawo da sabuwar kwangila, da jakarsa, babu ƙunshin kifi. Ya ce gidan babu rufi, kuma ko da rufin ma ba ya iya zama a ciki.

Abin da ke cinsa guda ɗaya ne, kuma bai ɓoye mini ba. Yana so ya san abin da ta kira ta faɗa. Muna cikin guga, ba tare da an tambaye shi ba, sai ya fara.

"Inday, ko sallama za ta yi mini?"

"Wataƙila, Manong."

"A'a, Nita ba ta irin wannan. Ina jin tambayata za ta yi inda na ajiye igiya. Kullum ni ke ɗaure rufin in ina gida. Igiyar tana ƙarƙashin matakala, da ta tambaye ni da na faɗa mata."

Wata rana igiya, wata rana fitila, wata rana kuma sai ya ce ƙila tana kan rufi ne tana so kawai ta ji muryar mutum. Ranar da ya faɗi wannan na ƙarshen na shiga bayi na yi kuka. Haushi kuma na ji, ba nasa ba, na wannan tsada da ta koya wa mata da miji cewa shiru shi ne kirki. A saman kanmu baƙi na kwance bakin wurin wanka suna hira da karnukansu ta waya.

Ya kuma canza ta inda ba wanda ya zata. Mutumin da ya yi shekaru bai amsa waya a teku ba, yanzu ko wa ya kira sai ya ɗauka tun ƙarar farko. Masu tallar bashi, masu cewa ya ci gasar da bai shiga ba, wanda ya yi kuskuren lamba yana neman mai gyaran babur, duk sai ya saurare su har su gaji su katse. 'Yarsa ta roƙe ni in yi masa magana, don albashin yana tsiyayewa. Na yi. Ya ce, "Ba ki san abin da mutum zai faɗa ba sai ya faɗa, Inday." Daga nan ban ƙara ba.

Lambar Nenita kuwa bai goge ta ba. Duk tashar da muka tsaya sai ya kira, ya ji muryar nan ta inji tana cewa ba a samun mai lambar, ya mayar da wayar aljihu. Mun saba da hakan har mun daina kallo. Aka fi shekara a haka.

Sai wata rana a wata tashar Girka, muna tsaye a inuwa muna shan ruwan sanyi, ya kira kamar kullum, na ga fuskarsa ta sauya. Ya katse da sauri kamar ya taɓa garwashi.

"Ta shiga," ya ce. "Ta yi ƙara."

Na san dalili. Na ce, "Manong, kamfani ne ya sayar wa wani da layin. Haka suke yi in an daɗe ba a sa kuɗi ba."

"Na sani. Ni yaro ne?"

Ya sani ɗin. Amma daga ranar, kullum tsakar rana a kan teburi, sai ya kira lambar, ya bari ta yi ƙara biyu, ya katse, sannan ya fara cin abinci. Cin nasa ma ya ƙaru. Rodel da bakinsa ba ya rufuwa, a kan wannan bai taɓa cewa uffan ba. Ni ma na yi shiru, don na ga mutum ya fara mayar da jiki, kuma ban san wanda abin yake cutarwa ba.

Muna cikin teku ranar da aka maido kiran. Wayar na nan kusa da kwanon ruwan tsami, ta haska, kuma dukkanmu muka ga sunan da ya fito, Nita. Ban taɓa jin ɗakin cin abincin nan ya yi mini sanyi haka ba. Rodel ya yi alamar gicciye. Manong ya goge hannu a rigarsa, ya ɗauka. Saboda kunnensa, muryar wayarsa a ƙure take, duk muna ji. Mace ce, ba babba ba, ana jin kukan yaro da ƙarar kwanuka a bayanta.

"Wai wane ne wannan mai damuna kullum ina tsakiyar girki?"

"Na ɗauka," in ji Manong.

"Ka ɗauka me? Kai ne fa kake kirana."

"Na ɗauka, Nita. Ga ni, ina jinki. Faɗi."

Sai muryar matar ta sauka, ta gane tsoho ne, ta koma ce masa Tay, wato baba.

"Tay, ni ba Nita ba ce. Layin nan sabo na saye shi a kasuwa. Don Allah ka daina kira, mijina har ya fara yi mini wani irin kallo."

"Ruwa ake yi a wajenku?"

"Wane ruwa? Rabonmu da ruwa tun watan jiya. Tay, lafiyarka kuwa? Akwai wani kusa da kai?"

Shi dai yana ta sauraro, kamar akwai wata magana a bayan tata. Ta jira kaɗan, ta ce ya yi haƙuri, ta katse.

Na miƙa hannu in karɓi wayar, ya kauce. Ya danna lambar, ya kara a kunne. Muna jin ƙarar daga inda muke. Ta yi biyu, na ga babban yatsansa ya motsa zai katse don sabo, sai ya hana shi. Matar ba ta ɗauka ba, kuma ba ta kashe ba, ta bar ta tana yi. Ta yi ta yi. Tsakanin kowace ƙara da mai bi mata akwai ɗan shiru, wanda mutum zai ce yanzu za a ɗauka. Manong bai taɓa kiran wani ya jira har ƙarshen ƙarar ba a rayuwarsa, maƙo bai bar shi ba. Ranar ya jira, idonsa a kan teburi, har muryar inji ta shigo ta ce ba a amsa ba.

Ya sauke wayar a hankali.

"Ashe da tsawo haka, Inday," ya ce. "A nan wajena ban ga ta daɗe ba."

Ya ƙura wa wayar ido, ya ci gaba.

"Duk wannan Nita ta tsaya ta ji ranar nan. Ba ta katse ba."

Aka buga ƙararrawar komawa aiki, mutane suka fara kwashe farantai. Manong bai tashi ba. Ya sake danna lambar, ya mayar da wayar kunnensa.